Gimbiya a Gaɓar Gulbi

Zurmi, 9 ga Afrilu, 2001

Zuwa ga taubashiyata Malama Suwaiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lahiya, ke da Baban Ummusalma da yara. Mu nan lahiya lau, sai zafi. Na ji labarin kin yi nauyi. Allah shi sauke ki lahiya, shi ba mu namiji wanda bai ɗauko bakin uwarshi ba.

Ga Mudi direba nan da kwandon mangwaro. Gimbiya ce, ta bana. Tun da kakanki da kakata sunka gaji garkar nan wajen ubansu Alhaji Mainasara ba a taɓa hana gidanku rabonshi ba, ni ma da riƙo ya dawo hannuna ba zan fara ba. Sai dai bana akwai sharaɗi. In kun sha, ki tara mini ƙwallayen ki ba Mudi shi maido mini, ko guda kada ya ɓace.

Kada ki yi dariya, sana'a ce. Daga Kaura har Shinkafi wa ke da mangwaro irin Gimbiya? Ba zare, ba tsami, ga ƙamshi tun daga bakin garka. Amma tun zamanin kakanni mutane ke sha suna jefa ƙwallo a bola. Ni na farka. Bara na shuka ƙwallayenta cikin leda, sun tsiro. Bana duk mai saye sai shi zauna gabana shi sha, shi bar mini ƙwallo, wanda kuma ya kai gida shi maido. Ran Alhamis nakan kai dashen kasuwar Shinkafi, mutane har daga Nijar suna tambaya.

Abin da nike so, tun da ke ce ke koyar da ilimin halittu a makarantar 'yan mata, ki rubuto mini shaida irin ta boko cewa ɗan Gimbiya Gimbiya ne. Yanzu lokacin Shari'a ne, mai saye na son hujja.

Gulbi ya ci gaɓa daminar bara, saiwar tsohuwar Gimbiyar ta fito waje ta gefen ruwa. Amma ban damu ba, tun da ga ɗiyanta nan ɗaruruwa a leda.

Naki,
Maiwada

Kaura Namoda, 20 ga Afrilu, 2001

Maiwada,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun ga kwando, mun gode, Allah ya jiƙan wanda ya shuka. Ka gaishe mini da iyalinka.

Ƙwallaye kuwa ba za ka gansu ba. Mudi ya buɗe mini bayan motarsa don in ga inda zan zuba nawa, sai ga buhunka na waɗanda ka karɓo daga gidajen mutane, kowanne da yawun mai shi, ƙudaje sun yi masa baƙi, ruwa na tsiyaya daga gindi. Da cikin nan nawa sai da na koma bayan gida na amayar da abin da na ci. Haba Maiwada! Tattaɓa-kunnen Alhaji Mainasara ne yau ke bin bakin mutane yana jira su gama tsotsa?

Da ma ƙazantar na da amfani da na toshe hanci na yi shiru. Ba ta da shi. Ka zauna ka karanta wannan a tsanake, kada ka karanta shi a tsaye kana ciniki.

Jikin kowane mai rai, mutum ko itace, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu zarurruka da muke kira kuromosom, su ke ɗauke da gado: zaƙi, launi, yawan zare, komai. Bibbiyu suke zuwa, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. In itace zai yi sabon reshe, ƙwayar takan kwafe zarurrukan nan dukkansu yadda suke, shi ya sa kowane reshen Gimbiya Gimbiya ne. Amma in fure zai yi ƙwan da zai zama ƙwallo, wani irin rabo ake yi daban, sunansa mayosis. Ƙwayar takan rabu sau biyu, kowane ƙwai ya tashi da rabin zarurrukan kawai. Kafin a rabu kuma, zaren uwa da na uba sukan kwanta gefe da gefe su yi musayar guntaye. Ka ɗauka carbi biyu ne, fari da baƙi, ka yanke su ka ƙulla guntun wannan a jikin wancan. Bayan haka kuma, wanne zai faɗa wannan ƙwai wanne zai faɗa wancan, babu mai zaɓa sai Allah. Ko da musayar ba ta faru ba, hanyoyin rabon a mangwaro sun haura miliyan. Saboda haka ƙwai biyu ba sa zama ɗaya ko da a reshe guda suka fito.

Wannan rabi ke nan. Ɗaya rabin garin fure ne ke kawo shi, shi ma ta irin wannan rabo ya biyo, kuma ƙuda ne ya fi ɗauko shi. Ƙuda ba ya tambayar asali. Yana iya ɗaukowa daga furen Gimbiyar kanta, yana iya ɗaukowa daga ɗan tsamin nan na bayan mahauta. E, kowane ƙwallo ɗan Gimbiya ne, rabinsa nata ne, amma ba ita ba ce, kamar yadda ni da Yaya Hamida uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita doguwa mai haƙuri, ni kuwa ka san ni.

Ka manta labarin da ake ba mu? Alhaji ya dawo daga Makka a ƙasa ta Sudan da ƙwallaye cikin burgami, ya shuka su a jere, da suka yi 'ya'ya ya sare su duka ya bar guda ɗaya. Ita ce wannan, kuma babu irinta a duniya.

Maganar saiwar nan ita ta hana ni sukuni. Dukiyar tana cikin reshe, ba cikin ƙwallo ba. A yanki kan reshenta a ɗaura masa aure da dashen nan naka kafin ruwa ya yi ƙarfi. Zan nemo maka wanda ya iya. Shaida kuwa ba zan rubuta ba.

Taubashiyarka,
Suwaiba

Shinkafi, 17 ga Mayu, 2001

Malama Suwaiba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar jiki. Takardarki ta daɗe wajen Mudi, sai makon jiya ya tuna da ita. Daga kasuwa nike rubuto miki, ki yi haƙuri da rubutun.

Na gode ƙwarai. Kin ce ba ki rubuta shaida, ga shi kin rubuta. Yau na karanta ma mutane inda kinka ce kowane ƙwallo ɗan Gimbiya ne, na hwaɗa musu malamar kimiyya ce ta Kaura, jinin gidan. Wani Alhaji daga Dauran ya ce in rantse, na rantse ɗiyanta ne, kuma ban yi ƙarya ba. Kafin la'asar dashen da na kawo ya ƙare. Sauran bayanin na carbi da ƙuda ban karanta musu ba, kasuwa ba aji ba ce.

Amma ni ma bari in koya miki. Mangwaron ɗan gari da ke ƙofar gidanmu ƙwallo anka shuka, ya fito sak uwarshi. Ina mayosis ɗinki ya tafi ran nan? Ku 'yan boko in ba ku wahalar da magana ba abinci ba ya faɗa muku.

Inda na yarda da ke shi ne maganar reshe. Wallahi kin buɗe mini ido. Ashe ni ina tsaron ƙwallo, ƙofa tana buɗe ta sama. Duk wanda ya ƙaryi reshe guda ya tafi da shi, gobe shi ma yana da Gimbiya, ni kuwa in kama mi? Na sa an kewaye ta da ƙaya har zagaye biyu, na ajiye kare, na kuma sa an sanar bayan sallar Juma'a cewa wanda anka kama da ko ganyenta gaban alƙali za mu, yanzu ba da ba ne, kowa ya san hukuncin ɓarawo.

Auren da kike cewa sai bayan damina, in na samu sarari na koya da hannuna. Ba ni son baƙo shi san kan abin.

Naki,
Maiwada

Kaura Namoda, 24 ga Yuni, 2001

Maiwada,

Bayan sallama, na sauka lafiya, mace ce. Na san ka ji, tun da matarka ta zo suna. Ina cikin wankan jego, ba fita, in ba haka ba da ƙafata zan zo Zurmi ba da takarda ba.

Ban taɓa jin ƙyamar rubutun hannuna ba sai da na ji yadda ka yi da shi. Ka yanki rabin maganata ka kai kasuwa, ka bar rabin da ke cewa ba ita ba ce. Ka rantse a kan gaskiyar da ka san mai saye ƙarya zai fahimta da ita. Mutumin Dauran ɗin nan zai yi shekara biyar ko shida yana ɗaukar ruwa yana ba itace, ran da ya gatsa ya ji zare ya cika masa haƙori sunana zai tuna. Ka je ka tambayi malaman da kake fakewa da su ko wannan ciniki ne.

Tambayarka ta ɗan gari tana da amsa. Ka lura ƙwallonsa in ya tsiro kai uku ko huɗu yake fitarwa? Yawancinsu daga naman uwar suke fitowa kai tsaye, ba su bi ta wancan rabon ba, shi ya sa suke kama da ita. Ka duba ledojinka. Ƙwallon Gimbiya kai ɗaya yake fitarwa, kuma wannan ɗayan ɗan rabo ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro jikina bai gama warwarewa ba. Baban Ummusalma ya samo Malam Jatau, tsohon ma'aikacin gandun daji, wanda ya yi auren rabin mangwaron Kaura. Muka sa shi a mota ran Asabar. Ya dawo mana da yamma wandonsa a yage. Ya ce kare ne ya fara tarbarsa, sannan kai, ka ga wuƙar aiki a hannunsa ka tara masa jama'a. Ya maimaita mini abin da ka faɗa: "Mi kaz zo yi da yuƙa gindin iccen mutane? In kana son hannunka, koma inda ka hito." Dattijo mai furfura, da takardata a aljihunsa, ba ka ko bari ya ciro ta ba. Ya ce da hannun nan yake ci, ba zai sake taka Zurmi ba ko an ɗaure shi.

Shari'ar da mutane suka yi wa murna don a daina cutar talaka, kai ka mai da ita kare na biyu. Tir da wannan hali.

Ba kasuwarka nake so ba. Kai za ka riƙe duk dashen da aka ɗaura, ka sayar da Gimbiya ta gaskiya, ka fi yanzu samu. Ka zo ka ba Malam Jatau haƙuri ka tafi da shi. An fara ruwa, kuma gulbi bai san ƙaya ba.

Suwaiba

Kaura Namoda, 22 ga Yuli, 2001

Maiwada,

Ina gaisuwa. Ni da jaririya lafiya. Ban ga amsarka ba, ban sani ba ko fushi ne ko Mudi ne.

Masu zuwa daga wajenku sun ce ruwa ya kai gindinta. To ka ji, ko ba ka son ganin kowa. In ta faɗi, kada ka bari a sa mata gatari. Itacen da ya kwanta da sauran saiwa a ƙasa yakan yi makonni da rai. Ka yanki kan rassa masu kaurin fensir, ka cire ganyen, ka naɗe su cikin tsumma mai jiƙe, ka sa a leda, ka ajiye a inuwa. Reshe ba iri ba ne, abu ne mai rai, in ya bushe ya mutu. Ka ba wani ya hau mota ya kawo mini su a ranar, ba washegari ba. Na roƙi Malam Jatau, ya ce in rassan suka zo nan zai ɗaura su a kan dashensa saboda Allah, ba saboda kai ba.

Na ajiye faɗa a gefe. Wannan roƙo ne.

Suwaiba

Zurmi, 19 ga Agusta, 2001

Taubashiyata,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka, ko da ta makara. Allah shi raya. Takardarki ta watan Yuni na gani, zafinta ya sa na ce bari in bari ki huce. Bayanta ban ga wata ba. Mudi ya yi makonni motarshi na gareji a Gusau.

Sai haƙuri. Gimbiya ta faɗi ran Juma'a waccan da hantsi, bayan ruwan da anka kwana ana yi. Gaɓar ce ta zame da ita, ta kwanta rabi a ruwa rabi a tudu. Na tsaya ina kallonta, wallahi sai da na yi hawaye. Mata har daga cikin gari sunka fito, kamar an yi mutuwa.

Amma kada ki ce ban ji maganarki ba. Nan take na tuna kin ce dukiyar na cikin reshe. Na hau da kaina na sare kan rassa cike da buhu, ban bari kowa ya taɓa ba. Kuma na yi musu gata irin wanda ake yi ma iri. Na shanya su bisa rufin kwano kwana uku da rana ta fito har sunka bushe sarai, na barbaɗe su da toka yadda muke yi ma irin wake don kada ƙwaro ko ruɓa ta kama su a hanya. Ga su nan wajen Mudi. Ki ba dattijon nan naki, ki ce shi yafe mini, shi yi musu auren.

Gangar jikin na ba masassaƙa turmi washegari, kada ruwa ya tafi da ita a banza, sauran rassan masu gidan burodi sunka kwashe, ganyen awaki sunka ci. Ba abin da ya tozarta.

Abu guda ya ba ni mamaki. Tun da labari ya bazu, mutane ke rububin dashen. Na sa musu suna marayun Gimbiya, ran Alhamis har faɗa anka yi a kansu. Ashe kowane tsanani da sauƙinshi. Ki duba mini a littafinku, cikin marayun nan yaya ake gane wadda za ta zama ita, in ware ta in dasa a gurbin uwarta.

Naki har kullum,
Maiwada

Kaura Namoda, 26 ga Agusta, 2001

Maiwada,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya.

Mudi ya kawo buhunka. Da zai tafi ya shafa aljihun mota ya ciro takardar da na rubuta maka a watan Yuli, ba a ko buɗe ta ba, ya ce in yi haƙuri. Ga ta nan na haɗa maka da wannan. Ka karanta ta, ko ba ta da sauran amfani.

Na so in ɗora wa Mudi laifin, na kwana biyu ina gwadawa, abin bai zauna ba. Tun watan Afrilu kana da itacen a tsaye, kana da dashe ɗaruruwa a gindinta, mai wuƙa ya zo har ƙofar garka. Tsakanin reshenta da ledojinka bai kai tsawon tabarma ba. Kuma da ta faɗi ba ta mutu ba, Maiwada. Da ranta ka ba masassaƙa ita. Ko kwana nawa ka bar ta a kwance da an samu abin ɗauka.

Ka tambayi wadda za ta zama ita cikin marayunka. Babu. Wata za ta yi tsami, wata zare, wataƙila a samu mai daɗi, Allah mai iko ne, amma daɗinta ne ba na Gimbiya ba. Rabon da ya haɗa ta sau ɗaya aka yi shi, a jikin wani fure a wata ƙasa da ba mu sani ba, kuma ba a maimaita shi. Da na karanta inda kake murnar ana faɗa a kan marayu, sai na ji abin da na ji ran da Mudi ya buɗe mini buhun ƙwallayenka. Ka cire sunana daga bakinka a kasuwa. Na riga na aika wa mutumin Dauran da cikakken bayani, duk wanda ya tambaye ni kuma haka zan gaya masa.

Duk da na san abin da ke cikin buhun, tun da na gama wankan jego, na saɓa goyo na kai wa Malam Jatau da kaina. Ya zazzage rassan a tabarma, toka ta tashi, ya zauna yana ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya yana kankare ɓawon da farce ko zai ga kore. Na ce ya bari, ya ce tun da an kawo a duba. Sai da ya bi ta kan buhun nan kaf. Wanda ya lanƙwasa sai ya karye.

Da ya gama ya kakkaɓe hannunsa, ya ce shi fa duk shekarun nan labarinta kawai yake ji, bai taɓa sha ba. Ya ce, "Malama, wai yaya ɗanɗanonta yake?"

Na buɗe baki in gaya masa. Na ce ba ta da zare, ya ce da yawa ba su da shi. Na ce tana da ƙamshi, ya ce kamar na me. Na tsaya ina neman abin da zan ce ta yi kama da shi, a duk abin da na taɓa ci tun ina yarinya, ban samu ba. Ya jira ni har ya gaji, sannan ya tashi ya fara tattara itacen.

Wassalam.
Suwaiba